FASHIN BAƘI: Awa shida a birnin Katsina, abin da ya kamata baƙon yini ɗaya ya sani daga Ƙofar Sauri zuwa tasha

Kowace safiya motoci na sauke baƙi a birnin Katsina waɗanda ba su zo da niyyar kwana ba. A cikinsu akwai 'yan ɗaurin aure daga Kano da Zariya, da masu zuwa ta'aziyya, da ɗaliban da makarantunsu suka kawo ziyarar gani da ido, da 'yan kasuwar da ke kan hanyar Maraɗi, sai kuma masu kallon hawa idan sallah ta zo. Galibinsu sukan iso da hantsi, su juya kafin rana ta faɗi. Abin da ke hannunsu bai wuce awa biyar zuwa shida ba.

Irin wannan baƙo yana da takwara a ƙasashen bakin teku, wato fasinjan jirgin ruwan yawon buɗe ido. Jirgin kan tsaya a tashar wani birni da safe, fasinjoji su sauka su zaga gari, su dawo kafin lokacin da aka yanka masu. Wanda ya fita yawon gaban kansa ya makara, jirgi ba ya jiran sa, shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Katsina ba ta da teku, amma baƙonta ma yana da lokacin da aka yanka masa, kuma halin da hanya ke ciki bayan magariba ne ya yanka shi.

Me ya sa Ƙofar Sauri?

Shekaru aru-aru Katsina ta kasance mashiga ga ayarin da ke ƙetaro hamada daga Agadas da Gat da Gadamas. Nan fatake ke sauke gishiri da tufafi da takarda, su ɗauki fatu da hatsi da sauran hajoji. Ƙofar Sauri, wadda tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Ƙofar Samri, tana arewa maso gabashin ganuwa, kuma har yau ta nan hanyar Kaita ke fita ta nufi Dankama a kan iyakar Nijar.

Baƙin wancan zamani ma sun san zafin lissafin lokaci. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina tare da ayarin gishirin Abzinawa, da nufin wucewa Kano. Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Bello, ya tsaida shi kwanaki ana ja-in-ja a kan kyautar da zai bayar, bai samu shiga Kano ba sai a farkon Fabrairu. Barth ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar da mafi yawan cikinta gonaki ne da kangaye.

Ga baƙon yau akwai dalili na biyu. Mai zuwa daga Kano ta kudu yake shiga gari, ta ɓangaren Ƙofar Ƙaura. Ƙofar Sauri na can ɗaya ƙarshen tsohon birni. Hikima ita ce a fara da wuri mafi nisa tun da safe, a riƙa dawowa sannu a hankali, yadda la'asar za ta riski mutum kusa da motarsa.

A fara lissafi daga lokacin komawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsara wuraren da za a je, a bar maganar komawa sai abin da hali ya yi. Daga komawar ya kamata a fara. Tsakanin Katsina da Kano kimanin kilomita 170 ne, ta Charanci da Kankiya da Tsanyawa da Bichi. Idan aka haɗa da shingayen jami'an tsaro da wuraren da ake aikin hanya, tafiyar kan ci awa biyu da rabi zuwa uku. A Katsina rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma, gwargwadon lokacin shekara. Saboda haka mai son shiga Kano da sauran haske ya kamata motarsa ta tashi da ƙarfe 3 da rabi, ko da an sallame la'asar. Mai komawa Zariya ko Kaduna ta Malumfashi da Funtuwa tafiyarsa ta fi tsawo, kuma tana ratsa yankunan da suka fi fama da 'yan bindiga, don haka tashinsa bai kamata ya wuce azahar da nisa ba.

Mai shiga motar haya yana da ƙarin lissafi. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, kuma da yamma cikar kan yi nawa. Ya kamata ya ƙara awa guda a kan lissafinsa, ya kuma hau mota a cikin tasha, ko ta hukumar sufurin jiha, KTSTA, inda aka san direba kuma ake rubuta sunayen fasinjoji. Motar bakin hanya ta fi araha, amma idan wani abu ya faru ba wanda zai iya cewa ga motar da mutum ya shiga.

Birnin Katsina kansa ya fi ƙauyukan yammacin jihar kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ƙananan hukumomin da suka fi shan wuya su ne na gefen dajin Rugu da iyakar Zamfara: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume. A Ƙanƙara aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. A Oktobar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga a wasu daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi. Hali na sauyawa daga mako zuwa mako. Labarin da ya fi amfani shi ne na direban da ya biyo hanyar a safiyar ranar, sai a tambaye shi. Kafin tashi kuma a sanar da wani na gida lambar mota da lokacin da ake sa ran isa.

Wuraren da awa shida za ta isa

Wuri uku sun ishi baƙon yini ɗaya, idan yana so ya gan su gani na natsuwa.

Na farko shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafukka, kusa da Ƙofar Sauri. An kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, domin horar da malaman makaranta. A azuzuwanta na ginin ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita da Abubakar Imam suka yi karatu. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Yanzu ginin gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Matashin da ke son fahimtar yadda tsirarun mutanen da suka san juna tun suna yara suka riƙe siyasar Arewa a jamhuriya ta farko, to daga waɗannan ɗakuna zancen ya faro. Wurin na buƙatar awa guda, kuma zuwan safe a ranar aiki ya fi.

Na biyu shi ne Ƙofar Soro, ƙofar Gidan Korau, fadar da Sarki Abdulmumini Kabir Usman ke zaune tun 2008. Fada wurin aiki ce, kuma gidan iyali ce. Baƙo zai iya tsayawa a filin gabanta ya kalli ginin, amma shiga ciki sai da iznin dogarai da masu kula da ƙofa. Tawagar ɗalibai ko ƙungiya ta aika takarda ofishin masarauta tun kafin ranar zuwa.

Na uku ita ce hasumiyar Gobarau, a yammacin fada, mai tsawon kimanin mita 15. Tarihin baka na danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka a matsayin Musulmi na farko a gadon sarautar Katsina. Ita ce abin da ya saura na tsohon masallacin da ya kasance cibiyar karatu, ta kuma yi aikin hasumiyar hango mahara. Ginin ƙasa ne mai matsattsen matakala. A hau da iznin masu kula da ita, kaɗan-kaɗan, musamman da damina.

Wanda lokaci ya rage masa zai iya ziyartar maƙabartar Ɗanmarna, inda kabarin Waliyyi Ɗanmarina yake, inda kuma aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Maƙabarta ce da ake binne mutane a cikinta har yanzu, don haka ladabin ziyarar kaburbura ya hau kan kowa.

A duk waɗannan wurare ƙa'idar hoto ɗaya ce: a tambaya kafin a ɗauka. Ba a ɗaukar mata da yara sai da yardar su ko ta iyayensu, ba a kuma ɗaukar shingen jami'an tsaro ko kaɗan. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da fada kan toshe tun kafin azahar, ranakun hawan sallah kuwa sai da ƙafa ake ratsa tsakiyar birni.

Abin hawa, kuɗi da abinci

A cikin gari abin hawan baƙo shi ne Keke Napep, wanda Katsinawa ke kira kurkura. A yi ciniki kafin a hau. Idan mutane uku ne ko huɗu, ya fi sauƙi su ɗauki shatar guda na tsawon zagayen, su karɓi lambar wayar direban, su biya rabi da farko rabi a ƙarshe.

Masu POS na ko'ina, amma layi kan yanke, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa matafiya darasi. A riƙe kuɗin komawa a hannu, a aljihu daban da na kashewa. A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa saboda shingaye, da waya mai cikakken caji.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yawon ƙafa bayan ƙarfe 12 wahala ce da haɗari, musamman ga mai azumi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan jinkirta ko soke tashin jirage a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, don haka mai dogara da jirgin yamma ya tanadi kuɗin masauki.

Batun ganye yana buƙatar kula. Lambunan da ke gefen Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa na ciyar da birni da latas da kabeji da alayyafo, amma wasu daga cikinsu da ruwan magudanan gari ake ba su ruwa, abin da masu bincike na jami'o'i suka sha yin nazari a kai. Dafaffen abinci mai zafi ya fi aminci ga wanda ke da tafiyar awa uku a gabansa. Ɗanyen ganye kuwa sai an wanke shi da kyau.

Masu son leƙa Daura ko Maraɗi

Daura na da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina. Rijiyar Kusugu da fadar Daura sun cancanci ziyara, amma haɗa su da birnin Katsina a yini ɗaya na nufin a ga ko'ina a guje. Mai zuwa daga Kano da ya dage sai ya haɗa, zai iya komawa ta hanyar Daura zuwa Kazaure, muddin ya bar Katsina da azahar.

Maraɗi kuwa kimanin kilomita 90 ce ta Jibiya da Magama, amma wata ƙasa ce. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris ɗin 2024. A 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardun tafiya har sai an cim ma sabuwar matsaya. Mai ƙetarawa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, ya canji sefa tun a Katsina, ya kuma bi ta mashigar hukuma. Wannan tafiya ce ta kwana, bai kamata a cusa ta cikin yini ɗaya ba.

Wa ke asara idan baƙo bai kwana ba?

Biranen da jiragen yawon buɗe ido ke tsayawa sun daɗe suna kuka da cewa fasinja kan cika titi amma ya ci abinci ya kwana a jirgi, gari ya tashi da cunkoso da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Katsina na fama da irin wannan ta wata fuska. Baƙon da ya juya da la'asar bai kama ɗaki ba, bai ci tuwon dare ba, bai zauna wurin mai shayi ko mai tsire ba, bai samu sukunin ciniki da dukawa da masu ɗinkin hula ba. Baƙin waje kuwa sun yi ƙaranci, domin gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun sa jihar a jerin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je.

Akwai ayyukan da za su iya sauya lissafin. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, komawa da dare ba za ta dogara ga titi kaɗai ba. Kafin nan, akwai tambayoyin da masu zaɓe ke da haƙƙin yi wa gwamnatin jiha da ta tarayya: nawa ake warewa don gyaran Gobarau da tsohuwar kwaleji da abin da ya saura na ganuwa, nawa ake fitarwa a zahiri, kuma yaushe matafiyi zai bar Katsina bayan isha'i hankalinsa kwance.

Katsinawa na alfahari da kirarin garinsu na ɗakin kara, kuma baƙon da ya nemi hanya a Ƙofar Sauri da wuya ya rasa mai raka shi. Idan la'asar ta wuce mota ba ta tashi ba, shawarar da mutanen gari kan ba shi ita ce ya nemi masauki ya kwana, ya kama hanya da safe.