Matakin Ƙafa: Darasi Daga Babur ɗin Ƙanƙara Zuwa Hanyoyin Rairayi na Ƙasar Daura

A shekarar 1959 ne kamfanin Joseph-Armand Bombardier da ke garin Valcourt, a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, ya fara sayar da wani ƙaramin abin hawa mai suna Ski-Doo, wanda aka ƙera domin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Wannan babur ba shi da taya. Yana da allunan sulu biyu a gaba, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani faffaɗan bel na roba da inji ke juyawa. A kowane gefensa akwai dogon mataki inda mahayi ke ɗora ƙafa. Duk da cewa dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Hausa, gyaran da masu hawan tsaunuka suka yi wa wannan mataki yana ɗauke da darasi ga duk mai tuƙa babur a rairayin Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure.

Gyaran da aka yi wa matakin

Dusar ƙanƙara da busasshen rairayi sun yi tarayya a hali ɗaya, wato dukansu suna zamewa a ƙarƙashin nauyi. Idan mahayi yana ratsa gangaren tsauni a kaikaice, dole ya karkata babur ɗin wajen tudu, ya tsaya a kan matakin wannan ɓangare. Idan matakin ya cika faɗi, sai gefensa ya daki ƙanƙara, ya ɗaga bel ɗin, abin hawan ya rasa riƙo ya sulale ƙasa. Saboda haka aka rage faɗinsa, aka ɗan ɗaga shi sama, aka yi masa manyan ƙofofi domin ƙanƙara ta riƙa zubewa maimakon ta daskare a kai, sannan aka yi masa haƙora masu kama takalmi.

Cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani wuri da masana kimiyya ke kira cibiyar nauyi, wato inda nauyinsa duka yake kamar ya taru. Muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya ya faɗo cikin filin da abin ya taka, ba zai kife ba. Da zarar ya fita waje, sai faɗuwa. Gangare yana matsar da wannan layi wajen kwari, aikin mahayi kuwa shi ne ya mayar da shi ta hanyar motsa jikinsa. Mataki shi ne wurin da nauyin mutum ke bi ya shiga jikin inji, don haka ƙafar da ba ta sami gindin zama ba ba za ta iya sarrafa komai ba.

A hanyoyin ƙasar Daura

Yawancin hanyoyin ƙauyukan masarautar Daura rairayi ne, kuma mai zuwa kasuwar Mai'aduwa ko ta Daura da buhun gero a bayan mashin yakan gamu da gaɓar rafi da kwazazzaɓo. Busasshen rairayi ba ya iya tsayuwa a gangaren da ya wuce kimanin digiri 34, kuma tun kafin a kai nan taya ke fara tura shi. A wajen hawa, mahayi kan matsa gaba don kada kan babur ya tashi. A wajen sauka da cikin rairayi mai zurfi, yakan ja jiki baya domin tayar gaba ta yi sauƙi, kada ta nutse. A ratsa gangare kuwa akwai bambanci da babur ɗin ƙanƙara: mai babur mai taya biyu yakan danna matakin ɓangaren kwari, domin hakan ne ke ƙara wa siririyar tayar kama ƙasa.

Baburan haya irin su Bajaj Boxer an yi musu mataki mai rufin roba, wanda ya dace da kwalta, amma yakan yi santsi idan ya jiƙe ko ya kwashi laka da damina. Wannan ya sa wasu ke kai wa masu walda su ƙara ƙarfe, ko don ƙafa ko don ɗora kaya.

Abin lura kafin a kai wa mai walda

Na farko, ƙarfen da ya cika fitowa gefe ko ya yi ƙasa da yawa zai daki ƙasa a lokacin kwana, ya ɗaga taya, daidai da matsalar da masu hawan tsauni suka gano. Na biyu, ya kamata mataki ya kasance mai haƙora da rami a tsakiya domin yashi da laka su zube. Baburan da aka ƙera don daji ma matakinsu yana lanƙwashewa idan ya bugi wani abu, maimakon ya karya ƙafar mahayi. Na uku, idan an canza wurin mataki, tilas a daidaita birkin ƙafa da giya, in ba haka ba ƙafa za ta makara wajen taka birki. Na huɗu, kayan da aka ɗora can sama a bayan kariya suna ɗaga cibiyar nauyi, suna kuma mayar da ita baya, abin da ke sa kan babur rawa.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida da allo da bulo kawai: a ɗora bulon a tsaye, a riƙa ɗaga gefen allon har ya kife, sannan a kwantar da shi a sake gwadawa, a auna bambancin kusurwar. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai fahimci dalilin da ya sa ake ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, kuma a tsakiyar babur.