Ruwan Da Ke Ɓoye Ƙarƙashin Ƙanƙarar Ƙurewar Kudu

A can ƙurewar kudancin duniya akwai wata nahiya da ake kira Antatika, wadda faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato kusan ninki 15 na Nijeriya. Babu gari, babu gona, babu ko itace guda, sai ƙanƙara iyakar ganin ido. Kaurin wannan ƙanƙara a tsakaice ya kai kilomita 2, a wasu wurare ma ya haura kilomita 4. A tashar bincike ta Vostok, mallakar Rasha, an auna sanyin da ya kai digiri 89 ƙasa da sifiri a cikin watan Yuli na 1983. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka cewa babu ɗigon ruwa mai gudana a wannan ƙasa. Amma abin ba haka yake ba.

Dalilai uku ne ke sa gindin ƙanƙarar yake narkewa alhali samanta na daskare. Na farko, akwai zafin da ke tasowa kullum daga cikin ƙasa, ƙanƙarar kuwa ta zame masa bargo, ta hana shi fita. Na biyu, nauyin da ke danne gindin yana sa ya narke tun sanyi bai sauka zuwa inda ƙanƙara ta saba narkewa ba. Na uku, ƙanƙarar tafiya take yi a hankali zuwa teku, gugar da take yi da duwatsu kuma tana haifar da zafi. Ta haka aka samu tafkuna a ɓoye. A shekarar 1996 aka tabbatar da girman Tafkin Vostok, Rashawa kuma suka kai gare shi da haƙa a Fabrairu na 2012, bayan sun huda mita 3,769. Yanzu an san tafkuna irin wannan fiye da 600 a nahiyar.

To, ƙarƙashin tafkunan kuma fa? A yammacin nahiyar akwai wani kogin ƙanƙara da ake kira Whillans, wato wani zirin ƙanƙara mai kaurin kusan mita 800 wanda ke zamewa da sauri fiye da ta gefensa, yana cin kimanin mita guda kowace rana. A ƙarshen 2018 wata ƙaramar ƙungiyar masana daga Amurka, cikinsu har da Chloe Gustafson da Kerry Key, ta yi sansani a kansa na tsawon makonni shida. Ba su haƙa rijiya ba. Na'urori suka binne a cikin dusar ƙanƙara, masu auna lantarki da maganaɗisun da ke ratsa ƙasa bisa ɗabi'a. Ƙanƙara da dutse ba sa barin lantarki ya wuce, ruwa mai gishiri kuwa hanya ce gare shi, saboda haka na'urorin suka iya nuna abin da ke ƙasa.

Da aka buga sakamakon a mujallar Science a watan Mayu na 2022, sai ga shi ƙarƙashin ƙanƙarar akwai laka da yashi masu kaurin rabin kilomita zuwa kusan kilomita 2, jiƙe sharkaf da ruwa. Da za a matse su kamar soso, a tara ruwan a wuri guda, zurfinsa zai kai mita 220 zuwa 820. Wani abin mamaki kuma, ruwan yana ƙara gishiri gwargwadon nisansa ƙasa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Masanan sun bayyana cewa na ƙasan ruwan teku ne da ya shiga lakar a wani zamani mai ɗumi da ƙanƙarar ta ja da baya, watakila shekaru 5,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Da ta dawo, sai nauyinta ya riƙa tura narkakken ruwan daɗi daga sama zuwa cikin lakar.

Wannan turi ba sabon abu ba ne a tarihin duniya. Shekaru 20,000 da suka wuce ƙanƙara irin wannan ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, har teku ya sauka da kusan mita 120 ƙasa da inda yake yau. A ƙasar Estoniya, ruwan da ta danna cikin duwatsun ƙasa a wancan zamani yana nan har gobe, kuma mutanen arewacin ƙasar, har da na kewayen babban birninsu Tallinn, suna haƙa rijiyoyin burtsatse suna shan sa. Ruwa ne da ba ya samun madadi da sauri, abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Su kuwa mutanen Finlan, da suka haƙa ma'ajiyar sharar nukiliya a zurfin fiye da mita 400 a tsibirin Olkiluoto, sai da suka haɗa kai da Suwidin da Kanada aka yi haƙa a gefen ƙanƙarar Girinlan, don a ga iyakar zurfin da irin wannan ruwa ke kaiwa, tun da wata ƙanƙarar na iya sake rufe ƙasarsu kafin sharar ta daina cutarwa.

Abin da ya fi jan hankalin masana a yau shi ne juyin al'amarin. Mutanen Borno sun san rijiyoyin burtsatsen da ruwansu ke tsartuwa da kansa saboda matsin da yake ciki a ƙasa. Haka ruwan da ke cikin lakar Antatika yake a matse. Idan ƙanƙarar ta yi sirara, nauyinta ya ragu, ruwan zai iya tasowa zuwa gindinta, ɗauke da zafin ƙasa, ya ƙara mata santsi. Ƙaruwar santsi kuwa ita ce ƙaruwar sauri zuwa teku. An riga an ga ikon ruwa a kan tafiyar ƙanƙara: wani kogin ƙanƙara maƙwabcin Whillans, mai suna Kamb, ya kusan tsayawa cik fiye da shekaru 150 da suka wuce, kuma masana da yawa na ganin cewa ruwan da ke ƙarƙashinsa ne ya sauya hanya.

Ƙanƙarar Antatika tana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku da kimanin mita 58 in da za ta narke duka, ta Girinlan kuma da mita 7. Ba wanda ke tsammanin haka a wannan ƙarni, amma tun daga 1900 teku ya riga ya tashi da kusan santimita 20. Birnin Ikko, inda dubban Hausawa ke neman abincinsu, da garuruwan da ke inda kogin Kwara yake shiga teku, duk suna zaune ne ɗan kaɗan sama da ruwan teku. Ko rabin mita aka ƙara, ambaliya za ta yawaita, gishiri kuma zai kutsa rijiyoyin bakin gaɓa. Yawan abin da za a ƙara ɗin, da saurin zuwansa, wani sashensa yana hannun wannan ruwa da ke kwance cikin duhu ƙarƙashin ƙanƙara, wanda sai a 2022 aka buga sakamakon auna shi.