Mene ne tarihin mallakar mota?

Duk sanda aka yi gwanjon tsohuwar motar tsere a Turai ko Amurka, sai ka ji ana ta maganar tarihin mallakarta. Abin da ake nufi shi ne jerin hannayen da motar ta bi tun fitowarta daga masana'anta, da shaidar kowane ciniki.

Ana farawa da lambar da kamfani ya buga a ƙashin motar, a gwada ta da ta inji, sannan a bi rasit da takardun gyara. Misali, Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Mai lamba 3413GT ta ci wata gasar tseren motoci ta Italiya a 1962, wani mai suna Greg Whitten ya saye ta a 2000, aka yi gwanjonta a 2018 kan dala miliyan 48.4. Da takardunta na da giɓi, da ba ta kai haka ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Mai neman tsohuwar Peugeot 504 haɗin Kaduna a Sabon Gari ko Samaru, kada fenti ya ruɗe ka. Buɗe bonet, goge maiƙon, ka gwada lambar da ta takarda kafin ka biya.