KASUWAR HANNUN JARI: KO TA DACE DA KUƊIN JAM'IYYA?

'Yan'uwa manoma na Tsamaye da Isa da Sabon Birni, kun san dā saniya ce asusun manomi. Yau kuwa mutane da yawa a ƙasar Gobir sun ga ɓarayi sun kore musu garke a dare ɗaya. Saboda haka ake tambayarmu a jam'iyyun gama kai, ko a kai rarar kuɗin kaka kasuwar hannun jari? Bari mu fara sanin kasuwar tukuna.

Kamfani babba yakan raba mallakarsa kashi-kashi, har miliyoyi. Kowane kashi shi ne hannun jari. Wanda ya saya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, kamar yadda ɗan jam'iyya yake da haƙƙi cikin injin niƙan da kuka haɗa kuɗi kuka saya. In an ci riba a shekara, akan raba masa gwargwadon jarinsa. In ba a ci ba, babu abin da zai karɓa. In kuma yana son fita, sai ya sayar wa wani, ba ruwan kamfani. Wurin wannan ciniki ita ce kasuwar.

A Ikko aka kafa ta cikin 1960, aka fara ciniki a 1961 da takardun jari iri 19 kaɗai. Abin da ya raya ta sosai shi ne dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan Nijeriya da wani kashi na jarinsu. A 1977 aka mai da ita ta ƙasa baki ɗaya, aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. A 2021 ita kanta ta zama kamfani, sunanta yanzu NGX.

Kada ku ce abin na nesa ne. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda aka kafa a 1962, an daɗe ana cinikin jarinsa a can. Bayan an haɗe shi da wani, ya koma BUA Cement a 2020. Watau buhun simintin da kuka saya domin daɓen majami'a, wani abu daga cikin ribarsa yana shiga aljihun masu jari, har da malaman makaranta da 'yan fansho. Amfanin kasuwar ga ƙasa ke nan: tana tara kuɗin mutane barkatai ta miƙa wa masana'anta, Gwamnati ma tana cin bashi ta nan.

Amma fa farashin jari yana hawa yana sauka, har ya fi na albasa. Daga watan Maris na 2008 zuwa farkon 2009, wajen kashi biyu cikin uku na darajar kasuwar ya narke. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cin bashin banki su sayi jari. Ɓarawo ba zai kora hannun jari daji ba, gaskiya ne, amma takarda takan rame ba tare da ciwo ba.

Ga shawararmu. Kuɗin taki da iri da na rancen 'yan jam'iyya, kada a taɓa su, gama damina ba za ta jira farashi ya farfaɗo ba. Sai rarar da za ku iya mantawa da ita shekara biyar. Ku saya ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista, da sunan jam'iyya, ba da sunan shugaba ko ma'aji ba, mutum biyu ko uku su sa hannu. Ku ba da lambar asusun banki domin riba ta riƙa faɗawa kai tsaye, gama akwai ribar mutane mai yawa da ke kwance ba mai karɓa, don an sake gari ko mai ita ya rasu.

Wanda kuwa ya zo muku da waya yana alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ba daga wannan kasuwa ya fito ba. Haka CBEX ta yi a 2025, MMM ma da alkawarin riba mai yawa ta yaudari mutane a 2016. Dillalin gaskiya ba ya yanka muku riba tun kafin a ci ta. Ma'aji ya rubuta sunan kamfanin mutumin, a bincika wurin SEC kafin taro na gaba.