3.2 Haɗa Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira da Manhajar Jadawalin Farashi

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake haɗa wakilin ƙirƙirarriyar basira da manhajar da ke zana hawa da saukar farashi, irin su TradingView. Tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a 2024 ya sauƙaƙa haɗin: wakilin kan ɗauko alƙaluma daga manhajar, ya yi bayaninsu da Hausa.

Abin lura a nan shi ne, wakilin ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Manomin masara a Doguwa yana son sanin ko ya sayar da kaka, ko ya ajiye sai damina. Saboda haka sai an riƙa rubuta farashin buhu duk ranar kasuwa, daga Tudun Wada har Dawanau, kafin haɗin ya amfane shi.