Katako biyu da fatar ƙafar doki

Yawancinmu da ke zuwa ƙasar Sin saro kaya, Guangzhou da Yiwu muka sani, inda zafi da gumi ba su da bambanci da na gida. Amma can arewa maso yammacin ƙasar, a jihar Xinjiang, akwai yankin Altai da ke iyaka da Kazakistan da Rasha da Mongoliya, inda sanyi kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara kuma ta kai mutum ƙugu. Ni fataucin takalma nake yi tsakanin Sin da Garwa, kuma wani abokin cinikina Bakazake ne ya ja ni garinsu a lokacin hunturu. A can na ga magidanta suna sassaƙa katakon zamiya a kan ƙanƙara, wanda Turawa ke kira siki, a tsakar gida, da gatari da wuƙa.

Mu a talabijin muke ganin abin, kamar lokacin gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022, sai mu ɗauka wasan masu kuɗi ne. A ƙauyukan Altai irin su Hemu, inda Tuwawa da Kazakawa ke zaune, abin hawa ne. Idan ƙanƙara ta rufe hanya har doki ya kasa, da shi ake zuwa itace, da shi ake duba dabbobi.

Aikin daga daji yake farawa. Mutum zai zaɓi miƙaƙƙen icce marar ƙulli, irin dogayen itatuwan nan na ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, ya tsaga shi biyu, ya yi ta fiƙe shi har ya zama falle. Tsawon kowane falle ya kan kai tsayin mai shi ko ya ɗan ɗara, faɗinsa kamar tafin hannu. Tsakiya, inda ƙafa za ta zauna, a bar shi da kauri, goshi da wutsiya a rage. Daga nan a jiƙa goshin da ruwan zafi, a gasa shi a wuta, a lanƙwasa shi sama, a ɗaure a cikin wata matsa ta itace a bar shi kwanaki ya bushe a haka. Wanda ya yi gaggawar kwancewa, goshin zai miƙe, kuma katakon da goshinsa bai ɗaga ba nutsewa zai yi, mai shi ya kife. Sai a huda ramuka huɗu da jan ƙarfe, a zura ƙiri na ɗaure takalmi, a bar diddige sake domin a iya takawa.

To, inda hikimar take shi ne fatar. Ƙasan katakon gaba ɗaya ana lulluɓe shi da fatar ƙwaurin doki, da gashinta. Kazakawa suna cin naman doki, suna yankawa da shigowar hunturu, saboda haka fatar ba ta yanke musu. Dalilin zaɓen ta ƙwauri kuwa, gashin wurin gajere ne, mai tauri, kuma duk gefe guda ya kwanta. Ana jiƙa fatar, a ɗinke gutsattsarin, a ja ta sosai a kan katakon, a kafe da ƙananan ƙusoshi, kwanciyar gashin tana kallon baya. Duk wanda ya taɓa shafa doki ya gane zancen: ka bi kwanciyar gashi hannunka ya zarce, ka saɓa mata ya cije. Idan mutum zai gangaro, gashin ya kwanta, ya yi ta sulu. Idan zai hau tudu, katakon ya nemi komawa baya, gashin ya miƙe ya kama ƙanƙara. Ba inji, ba mai, malam, ga giya ga birki a fata ɗaya!

Sanda ma ɗaya suke riƙewa, doguwa, ba biyu irin na 'yan gasa ba. Suna jingina da ita ta baya suna juya akala, kamar mai tuƙa kwalekwale a kogin Binuwai.

Sinawa na cewa a nan aka fara wannan zamiya, hujjarsu zanen da ke jikin wani kogon dutse a yankin, har suka fitar da sanarwa a kan haka a 2006. Masana na wasu ƙasashe ba duka suka yarda ba, domin an tono guntayen irin wannan katako a arewacin Rasha masu kimanin shekara 8,000. Ni wannan gardama ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, har yau masu hawa dutse da siki na kamfani sai sun manna wa ƙasansa wani ƙyalle mai gashi na nailan ko na gashin akuya, kuma sunan ƙyallen a bakinsu "fata". Wato kamfani bai zo da sabuwar dabara ba, kwaikwayo ya yi.

Duk da haka sana'ar tana ja da baya. An hana farauta, wadda a da ita ce babban dalilin yin katakon. Babur ɗin ƙanƙara ya shigo, gwamnati ta gina wuraren wasa na zamani, samari sun fi son na kamfani mai sheƙi. Da dattijon da na zauna wurinsa yake faɗin haka, abokina yana fassara mini, ban ce uffan ba. Kwantenar takalman roba da nake saukewa ita ce irin abin da ya sa dukawa da majema da yawa a garuruwanmu suka naɗe tabarma. Mai saye yana da gaskiyarsa, na roba ya fi araha. Sai dai idan na kamfani ya karye a tsakiyar daji, sai wani ya zo daga birni. Na gida kuwa, mai shi da wuƙarsa da guntun ƙiri zai gyara ya ƙarasa gida.

Yanzu masu yawon buɗe ido ne ke ɗan riƙe da kasuwar. Ana shirya tsere da katakon gargajiya a watan Janairu, wasu baƙi kuma kan sayi ƙanana su rataye a bango. Dattijon ya ce irin waɗannan ba ya ɓata fatar ƙwauri a kansu, kowace fata ta samu yana sawa. Ta ƙwarai ya ajiye wa jikansa ɗan shekara shida, wanda yake sassaƙa wa nasa na farko, kuma ya sa yaron ya riƙe masa fatar da hannunsa yayin da yake buga ƙusa.