Yadda Ake Fidda Gwani a Takarar Shugaban Ƙasa

Ranar babban zaɓe, mutumin ƙauye yakan tarar kowace jam'iyya ta tsayar da mutum ɗaya tak. Amma da farko masu neman kujerar suna da yawa. Tace su da ake yi har a bar ɗaya, shi ake kira zaɓen fidda gwani. Wannan zaɓe na 'yan jam'iyya ne kawai. Wanda ba shi da katin jam'iyya ba ya sa baki.

Dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya yake zaɓa da kansa. Akwai zaɓen wakilai, wato daliget, waɗanda ake turawa babban taro su zaɓa a madadin sauran. Akwai kuma sulhu, inda 'yan takara suke janye wa mutum ɗaya.

Dattawa ba su manta da 1993 ba. A shekarar, mai neman shugabancin ƙasa sai ya fara cin zaɓe a mazaɓarsa, sannan ƙaramar hukuma, sannan jiha. Wanda ya tsallake shi ne zai je babban taro. Jam'iyyar NRC ta taru a Fatakwal ta tsayar da Bashir Tofa. SDP kuwa a Jos ta taru. Abiola ya zo kan gaba a zagayen farko, Babagana Kingibe yana biye, sai Atiku Abubakar. Atiku ya janye wa Abiola, Abiola ya ci. Daga baya ya ɗauki Kingibe mataimaki.

To, me wakili yake dubawa kafin ya jefa ƙuri'a? Abu na farko, wa zai iya kayar da ɗan takarar wata jam'iyya? Wakili yakan bar wanda ransa yake so, ya bi wanda yake ganin zai kai labari. Shi ya sa janyewar mutum ɗaya takan juya taro gaba ɗaya. Haka aka gani a taron PDP a Abuja a 2022, lokacin da Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku.

Ana kuma duba yankin da ɗan takara ya fito. A 2022 gwamnonin APC na Arewa sun ce mulki ya koma Kudu, Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a 1,271. Maganar gwamna tana da nauyi ƙwarai, domin wakilan jiha sukan bi inda ya nuna.

Sai batun kuɗi, wanda kowa ya sani. Idan masu zaɓe kaɗan ne, sayen su ba ya wuya. A 2022 wakilai uku APC ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, PDP kuwa ɗaya. Ke nan mutum ɗaya ya ɗauki muryar garuruwa da ƙauyuka masu yawa ya tafi da ita Abuja. In ya sayar, ba tasa kaɗai ya sayar ba.

Shi wakilin nan ba daga Abuja ake kawo shi ba. Ɗan gari ne, an san gidansu, kuma a taron jam'iyya na gida ake fitar da shi. Sau da yawa ana yin taron ne manoma suna gona, mata suna gida, 'yan tsiraru su rubuta sunan wanda suka ga dama.